Taka, Riƙe, Saki

Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara
shi ya cinye bututun birkin baya.
Ban gani ba sai da na kwanta rigingine
a kan kwalin da ya sha baƙin mai,
tocila a bakina, tsatsa tana zubo mini a ido
kamar dakakken barkono.

Motar Murdo ce, yayana.
Koriya shar, kujera biyu, ba rufi,
ta girmi aurena da shekara ashirin.
Ya bar mini ita da makulli ɗaya
da bashin gareji na wata bakwai,
a nan Pittenweem, inda iskar teku
ke lasar ƙarfe har ya koma biskit.

Noti na farko ya ƙi.
Na fesa masa mai, na je na sha shayi, na dawo.
Ya ƙi. Na sa masa wuta, na zage shi tas,
sufana ta zame, ta tafi da fatar yatsu biyu.
Da ya tashi saki, bai yi ƙara ba,
ɗan nishi kawai,
irin na tsoho in zai miƙe daga tabarma.

Tsohon bututun ya fito gutsi-gutsi.
Na jera shi a ƙasa kamar ƙayar kifi,
na auna sabon na tagulla a jikinsa,
lanƙwasa bayan lanƙwasa,
a kan gwiwa, a kan gwangwanin fenti.
Na buɗa bakinsa ya yi kyau, har na yaba wa kaina,
sai ga noti a kan benci yana kallona.
Na manta ban zura shi ba.
Yanke. Sake.
Da Murdo na nan, da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

To amma ƙarfe ɗaya ba ya amo.
Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne,
ɗaya a ƙasa, ɗaya a kujera.
Tun ranar jana'iza, ni da Kirsteen
zancenmu bai wuce madara ta ƙare ba,
ko an kawo takardar wuta.
Na tsaya a ƙofar kicin, hannu baƙi ƙirin,
na ce na zo aron ƙafa.

Ta zo da silifas da rigar sanyi.
Na ji ta jawo kujerar gaba,
kujerar da take a tsawon ƙafarsa tun bara.

Taka, na ce.
Na taka.
Riƙe.
Na riƙe.
Na ɗan kwance, man ya biyo roba zuwa kwalba,
launin shayin da ya kwana,
kumfa a jere kamar tsakiyar carbi.
Na ɗaure. Saki.
Na saki.

Sau tara, sau goma sha biyu.
Ruwa ya fara dukan kwanon rufi.
Ba na ganin komai nata sai inuwa a bango,
amma ƙafarta tana iso ni ta cikin bututu,
ta cikin kowace kwana da na lanƙwasa da hannuna.

Can ta ce, alewarsa na nan a aljihun ƙofa,
duk ta manne da leda.
Na ce, riƙe.
Ta ce, ai ina riƙe.
Muryarta ba daidai ba. Tawa ma.
Na daɗe da sufana a hannu ban juya komai ba.

Man ya fara zuwa garau, ba kumfa ko ɗaya.
Ta ce ya ɗan yi tauri,
ta ce ƙafarta ta gaji,
ta ce wannan gareji sai ka ce firji.

Ba ta fita ba.
Na ja kwalina, na ja kwalbata,
na rarrafa zuwa tayar dama.