Basillar Baba Kyari

Ina da shekara sha bakwai na bar lakkol.
Ko ni na bar ta, ko ita ta bar ni,
har yau ba mu raba wannan gardama ba.
Na koma bisa duwatsun Birni da abokan fada,
muna dafa shayi ɗaya har sau huɗu,
muna ƙirga motocin da ke gangarawa Matamai,
babu tamu ko guda.

Nan Baba Kyari ya iske ni.
Bai yi mini wa'azi ba, bai tambayi ɗan wane ne ba.
Ya ce, "Kai mai dogon wuya,
kama mini bakin fatar nan."
Na kama.
Shekara tara ban saki ba.

Rumfarsa taku biyar ce,
warin jima ya riga baƙo yin sallama.
Ga karan dafi a kasko, ga kuloko a gwangwani,
ga rediyo da ba ta magana sai an mare ta.
Wata uku bai ba ni basilla ba,
sai shara, sai ɗibar ruwa ranar da famfo ya yi yaji.
Na ce a raina, tsohon nan bawa yake nema.
Ashe idona yake jira ya nuna.

Ya kan shimfiɗa fata a cinya, ya ce,
"Karanta.
Nan ƙaya ta karce ta, nan kaska ta zauna.
Akuyar nan ta yi rayuwa kafin ta zo hannunka,
kada ka yanka inda ba ka gane ba."

Jakata ta fari, na ɓoye ɓaraka a cikin shafi.
Wani ɗan Tanut ya taya jika huɗu a Kasuwar Dole,
na dawo ina tafiya kamar ƙasa ta yi mini kaɗan.
Baba ya ji labari, ya sa takalmi,
muka bi mutumin har tasha cikin rana tsaka.
Ya mayar masa da kuɗinsa, ya karɓo jakar,
ya miƙo mini aska.
"Farke."
Na farke ina kuka, shi yana cin goro.
Da na gama ya ɓare mini rabi.
Ɗacin goron nan ne ya fara mayar da ni mutum.

Na yi fushi da shi, ba sau ɗaya ba.
Na taɓa tafiya kabu-kabu mako biyu.
Da na dawo, kujerata na nan,
ya ɗora mata tsumma don kada kowa ya zauna.
Abin da ya ce kawai: "Zaren ya ƙare, je ka sayo."

Ranar da ya kore ni kuwa, Alhamis ce.
Ya naɗe basillarsa mai ƙotar ƙaho a ƙyalle,
ya ce, "Mutari, inuwata ta fara hana ka tsawo.
Akwai rumfa a Zango, na biya wata biyu."

Yanzu idonsa ya yi hazo.
Kowace Juma'a ina kai masa abin da na ɗinka,
ya bi layin da babban yatsa, a hankali,
kamar mai jan carbi.
In ya yi shiru, na ci.
In ya ce "hmm", na san inda zan kwana.

Jiya wani yaro, Cima ce ta haife shi,
ya tsaya bakin rumfata yana wasa da murfin kwalba.
Na buɗe baki zan kore shi,
sai na ji muryar tsohon nan ta fito daga maƙogwarona:
"Kai, kama mini bakin fatar nan."

Ya kama da hannun hagu.
Za mu gyara.