Jan Turke

Ni na ƙirga ƙuri'un Tsamiyar Barmo,
arewa da Daura, a ajin da nake koyar da lissafi,
tocilan a hammata, alli a aljihu.

Tun ba a yanke riɗi ba suka zo,
mutum huɗu da ma'auni mai ƙafa uku,
suka kakkafa jajayen turaka
daga gonar Tanimu har rijiyar makiyaya.
Aka ce sojan wata ƙasa za su zauna nan
da jirgin da ba shi da matuƙi,
mai hango kaza cikin akurki.
An gaishe mu. Ba a tambaye mu ba.

Alhaji Sada ya ce alheri ne:
kwalta, lantarki, aikin gadi ga samari,
ɓarayin daji kuma su shiga taitayinsu.
Ba duka ne ƙarya ba.
Ƙanena, da aka kore wa shanu tara bara,
shi ya fara manna hotonsa a ƙofar shago.

Barau mai gyaran injin ban-ruwa
ba taliya, ba atamfa.
Turke guda ya tuge,
ya ɗaure bayan babur yana bin kasuwanni:
"Baƙon da ya zo da katangarsa da bindigarsa,
wa zai ce masa gari ya waye?"

Ranar zaɓe Iya Lantana ta riƙe takarda a juye.
"Malam, nuna min gidan a'a."
Na ce babu, Iya, ɗan majalisar jiha ake zaɓe.
"To wanne ne bai sa kabarin mijina a ciniki ba?"
Doka ta ɗaure min baki.
Na dubi ƙasa. Ta dangwala.

Ɗari biyu da sha ɗaya.
Ɗari da tamanin da bakwai.
Guda ta lalace: an dangwala wa su biyun,
tsoro biyu sun kama hannu ɗaya.
Na san faɗin wannan babban yatsa,
nono ɗaya muka sha.

Barau ya tafi Katsina da sabuwar hula.
Takardar sansanin, in ji shi,
ba a teburinsu take ba, tana can sama.

Turakan suna nan.
Ɗazu na wuce, akuyar Iya na ɗaure jikin ɗaya,
tana kiwo iyakar igiyarta.