Zabuwa a Kusurwar Littafi

A Aboabo, bayan tashar mota,
inda kwata ke tumbatsa kowace damina,
Baba Gariba na da rumfar kwano
da gwangwanin madara goma sha ɗaya,
kowanne da launin da yake tsaro.

Buhun fulawa yake wankewa, ya ɗinke biyu,
ya ɗame a katako, ya shafe da fari,
ya zana abin da gidan bidiyo zai haska da dare:
ƙato mai wuyan kumurci, wuta na fita ta kunnensa.
Fim ɗin ma bai gani ba.
Labari aka ba shi, ya ƙara gishiri.
"In ba ka firgita mutum tun daga titi ba,
ba ya laluben aljihu," in ji shi.

A bayan trotro kuwa sai ya natsu.
SAI HAƘURI, ja a kan ruwan ɗorawa,
kowane harafi da inuwarsa a hagu.
Ya ce harafi ma yana da kafaɗa,
in ka matse shi, ba ya numfashi.

Ina aji uku zazzaɓi ya kwantar da ni.
Ya ɗauki littafin lissafina da biro,
ya bi kusurwar shafi ɗaya bayan ɗaya,
yana ɗige-ɗige, bai ce mini komai ba.
Sannan ya sa babban yatsa ya saki takardun.
Frrr! Zabuwa ta ruga.
Na manta ciwo. Na ce, "Sake!"
Malama Serwaa ta yi mini bulala huɗu a kan littafin nan.
Da araha na same ta.

Sai inji ya sauka a Adum.
Yana amayo allon talla a leda
kafin kokon da ka saya ya huce.
Launuka suka bushe a gwangwani,
shuɗin ne ya fara tsagewa.
Baba ya koma rubuta lamba a ƙofofin mutane.

A makaranta an karantar da mu tarihi:
waɗanda suka tsani ado, suka ce layi miƙaƙƙe ya isa,
a bar wa farin fili haƙƙinsa;
da waɗanda suka duƙa a kan takarda mai garau
suna zana dubu don minti ɗaya ya yi motsi.
Na haddace sunayensu, na ci jarrabawa.
Ba wanda ya ambaci buhun fulawa.
Yanzu na ji baƙi na saye, suna ratayewa a bayan gilashi.
Namu, da shi muka toshe yoyon ɗaki.

Ina da tebur a wani bene kusa da Kejetia.
Hoto ashirin da huɗu a daƙiƙa guda,
kwamfuta na cike mini gurbin da na tsallake.
Wata biyu ina raya zabuwata.

Ran Juma'a na kai masa a waya.
Yana ta rufe idon dama,
sai ya manna ta a hanci, ya kalla sau uku.
Ina jira ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya ce, "Hamdiya, wannan kaza ce aka yi wa ɗigo.
Zabuwa ba ta gudu da kai a sama.
Ƙasa take yi da shi, gadon baya ya tashi,
kamar mai bashi ta hango ta."

Ya juya takardar kuɗin lantarki.
Hannun na rawa, layin bai yi ba.
Ga ta nan, ƙafa ɗaya a iska,
tana jiran shafi na biyu.

Ya dube ni da idon da ya rage.
"Me kike tsaye? Kawo takardu."