Ranar Gwada Magwaji

Yau ba mutum ne a gabanmu ba,
tsinken gwajin ne ya zo gaban alƙali.
Kwali uku, kamfani uku,
an sauke su a ɗakin gwajinmu na Jega
da zafin bayan mota a jikinsu.

Jinin da ke firij mun san labarinsa tun bara.
Kwalba ɗari biyu, lamba ce kawai, ba suna.
Ni ke ɗigawa, Hassatu ke tsaron agogo,
minti sha biyar, ba ƙari.
Layi ɗaya, babu.
Layi biyu, akwai.
Ba ƙwayar ƙanjamau tsinken ke gani ba,
sawun dakarun jini yake bi,
waɗanda suka fito tarar baƙo.

Kakata Tumba gero ta sayar a kasuwar garin nan.
Takan ce, kafin ka yarda da mudu
kife shi ka dubi gindinsa,
can mai algus ke ɓoye lotsawa.

Kwali na farko bai yi tuntuɓe ba har azahar.

Na biyu, a lamba tara, jini lafiyayye,
ya ja wani layi siriri kamar zaren gizo.
Na ɗaga shi wajen taga, na karkata,
yana nan.
Zaren nan ya isa hana magidanci barci,
ya isa a mai da kayan lefe.

Na uku shi ya sanyaya mini gwiwa.
Saba'in da huɗu: mun san akwai.
Ya ce babu.
Na ce ko hannuna ne, Hassatu ta karɓa ta sake,
layi ɗaya tal, fes,
kamar fuskar maƙaryacin da ya sha rantsuwa.
Da a Kimba ne, ko a Maiyama,
da an ce wa mai juna biyu je ki gida, lafiya lau,
ta goya abin da magani zai iya tarewa.

Janareta ya yi tari ya mutu.
Da fitilar waya na buɗe rajista:
na farko ya wuce,
na biyu sai da shaida na biyu,
na uku na zaga shi da jan biro har takarda ta huje.

Hassatu ta cire safar hannu, ta ce,
"Wa ke da saba'in da huɗu, Malam Dikko?"
Ban sani ba.
Na mai da kwalbar firij tun sanyin bai gudu ba.