Adashin Ƙasashe

Ni ne tafinta. Ɗakina na gilashi ne,
can bayan zaure, inda tafi ba ya kaiwa.
Abuja ta share titunanta tun asuba,
an jera tutoci, wannan da wata, waccan da tauraro.
Na toshe kunne da waya, na jiƙa maƙoshi,
ina jiran na farko ya tashi.

Na Jakarta ya ce gada. Na Dakar ya ce rijiya.
Wani dattijo daga gaɓar Tekun Fasha
ya ce biliyan, a hankali, kamar mai jan carbi.
Kalmar ta bi ta harshena ta wuce,
ta bar ni da ƙamshi.

Suka ce murabaha. Na ce: in sayo maka injin,
ka biya ni sannu, ribata a tafin hannu.
Suka ce musharaka. Na kusa cewa gayya,
ranar da gari ke taruwa a gonar mutum guda,
in damina ta yi kyau a ci tare,
in ta ƙi, a raba nishi.

Nan na tuna Gwaggo Kuluwa ta Farin Gada,
uwar adashin masu tumatur, su goma sha bakwai.
Ba hatimi, ba lauya.
Bangon rumfa ne littafinta, gawayi alƙalami.
Ran Laraba kowa ta kwance bakin zane ta zuba.
Wadda kwandonta ya ruɓe a hanyar Mangu
ita ake ba kwasar farko,
ba don ta fi kowa baki ba,
don duk sun san ɗacin rashi.

Awa biyu aka yi a kan waƙafi ɗaya:
wa zai tsaya wa wa, in rana ta ɓaci?
Fatar akuyarmu, in ji wani, sai ta zaga ƙasar sanyi
kafin ɗan'uwa na Kasablanka ya taɓa ta,
kowa ya gyaɗa kai, aka sha shayi.
Ni da ke ɗauko magana daga baki zuwa baki
na san inda take rage nauyi,
inda “za mu” ke komawa “za a duba”,
inda alkawari ke zubar da gashi.

Azahar ta yi. Takalma suka cakuɗe a ƙofa,
ba ka gane na mai ba da rance da na mai nema.
A sahu kafaɗa ta yarda da kafaɗa.
A tebur sai da shaida uku da jingina.
Ban ga laifinsu ba sosai,
an ce hanji ne, yana cikin kowa,
amma jikan da ba a haifa ba
ban ga wanda ya tambaye shi
ko ya yarda da wannan bashi.

Wayata ta yi ƙara a gindin matakala.
Gwaggo ce. Kwando arba'in sun yi laushi,
motar Legas ba ta zo ba.
“Manyan naka me suka ce?”
Na ce an sa hannu, Gwaggo, har da ɗakin sanyi
na kayan gwari, shafi na sittin da uku.
Ta yi shiru, ina jin hayaniyar 'yan dako.
“To wa ke riƙe da kuɗin, Tanimu?
Kuma wace Larabar ce kwasa?”

Harshe huɗu nake ci da su,
ban sami amsarta a ko ɗaya ba.

Na koma gilashina. Shugaban zama ya dubi agogo:
“Akwai sauran tambaya?”
Zaure ya yi tsit. Fitilar gabana ja ce,
kunnuwa ɗari biyu na rataye da bakina,
yatsana na kan maɓalli,
ban danna ba, ban kuma sake shi ba.