Ta Bakwai

A bene na uku na wata tsohuwar kasuwa a Nagoya,
bayan shagon mai gyaran agogo,
akwai kwalin da aka rubuta wa: kowanne yen ɗari.
Nan na durƙusa, gwiwata na kuka kamar tsohon ƙyaure.

Shafi ashirin da huɗu.
Ƙusoshin takarda biyu sun yi tsatsa,
tsatsar ta zubo wa bangon jan hawaye.
Takardar ta koma launin shayin da aka manta a kofi.
Na gane shi tun kafin in juya shi.

A wasan, 'yan mata shida za ka iya nema.
Ka danna nan, ka kai ta bakin teku,
ka danna can, ta yi fushi har Talata.
Amma akwai ta bakwai, mai burodi a ƙofar makaranta,
kalma uku kacal aka sa mata a baki:
"Ga canjinka, yaro."
Ba hanyar da ke kaiwa gare ta.
Ko suna kamfanin bai raɗa mata ba.

Mu muka raɗa.
Ni da Tokiko Hayase, a ɗaki mai tabarma shida,
fanka na kwashe zafin Agusta daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Ita ke zane, ni ke cike baƙi.
Zanen hannu ya gagare ta,
shi ya sa kowa a littafin ya cusa nasa a aljihu.
Ƙarfe ukun dare muna gaban injin kwafi na kantin kwana,
muna ɗura masa tsaba,
mai kantin na hamma.

Hamsin muka buga. Sha ɗaya aka saya.
Wani mai tabarau ya ɗauki biyu,
ya sunkuya, kunnuwansa jawur, ya ce,
"Na zaci ni kaɗai na lura da ita."

Na'urar wasan ta daɗe da mutuwa,
kamfanin ya naɗe tabarmarsa.
Tokiko tana Sendai, in ji wani,
tana lissafin albashi a asibiti.
Katin sabuwar shekara ya daina zuwa,
ban tuna wa ya fara yin shiru ba.

Shafi na sha tara.
Mai burodi ta rufe taga, ta hau kekenta,
ta gangara gida ita kaɗai.
Na yi ta musu a lokacin: a ba ta saurayi mana!
Tokiko ta ce, bar ta ta huta.

Can a ƙasa tana ɗaga wa teku hannu,
hannu ɗaya tak a duk littafin,
yatsu shida.
Wani ya kewaye su da fensir,
ya rubuta a gefe, ƙanana: na gode.

Yaron shagon ya karɓi kuɗina bai ɗago ba.
Na tsaya jiran canjin da babu.