Kusurwar Hagu

Na manna jaridar jiya a bangon shagon Tanimu
a Dilimi, ƙarfe bakwai, sanyi na cizon yatsu.
Na kafa ƙafa uku, na ɗaura sabon gilashi
mai faɗin ido, wanda ya cinye kuɗin babur ɗina.

Tsakiya ba ta da laifi.
Ɗigon tawada, ƙudan da ya sauka kan farashin taki,
duk sun fito tangaran.
Gefe nake tuhuma.

Na murza sukuru, gilashin ya hau,
benen da ke kishingiɗa da baya kamar mai gyangyaɗi
ya miƙe tsaye.
Na karkata shi kaɗan,
Jos ta koma motocin langalanga a hannun yara.

Da dare na buɗa hoton, ina farautar aibu.
Can kusurwar hagu, inda haruffa suka narke,
ga Nanret da tiren dankalinta,
rabin fuska, dishi-dishi,
tana dariyar mai ɗaukar jarida hoto.

Washegari na matse idon kyamara, na sake.
Kusurwar ta fito sarai,
har tsagar siminti.
Ba kowa a wurin.